Shagon tsofaffin littattafai na wajen Ƙofar Ƙaura

Tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma duk shekara sai na kai ɗalibaina hasumiyar Gobarau. Bana na ce bari in ƙara karatu a kan Shehu Magili, malamin Arewacin Afirka da ake danganta hasumiyar da zuwansa Katsina, kafin mu je, don yaran sun fara yi mini tambayoyin da ke sa ni gyaran murya. Wani abokin aiki ya yi mini kwatancen wani shagon tsofaffin littattafai ta wajen Ƙofar Ƙaura. Ba shi da allo, sai ka tambayi mai shayin da ke gefe.

Ɗaki ne guda, littattafai jibge har rufi, ƙura kuwa sai wanda ya gani. Mai asma ya tafi da takunkumi. Na gai da dattijon, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Malam, Magilin Kano da Katsina kake nema, ko na Tuwat?" Na ce, "Baba, ai mutum ɗaya ne." Ya ce, "Ɗaya ne, amma littattafan biyu ne." Ya taka kujera, ya zaro wani mai yagaggen bango, ko lalube bai yi ba.

A ciki na gamu da Yahudawan Tamantit, a yankin Tuwat na Aljeriya ta yau. 'Yan tsiraru ne a tsakiyar hamada, maƙeran zinariya da fatake, suna zaune a kan hanyar ayarin raƙuma mai zuwa Tambutu, da ɗakin ibadarsu. Magili ya ba da fatawa a rushe shi. Alƙalin Tuwat, Al-Asnuni, ya ce a'a, mutanen nan suna cikin amana. Aka yi ta aika wasiƙu ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, kowa na kawo hujja. Wajen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifaniya, aka rushe ɗakin, aka kashe wasu, saura suka watse. Bayan nan ne Shehun ya biyo ta Azbin ya iso ƙasar Hausa. Shekara 14 ina koyar da zuwansa, ban taɓa tambayar abin da ya baro a baya ba.

Da Baba ya ga na zauna a kan buhu ina karatu, sai ya miƙo na biyu. Shi kuma labarin Mordekai ne, wani malamin Yahudawa daga Akka ta Maroko, wanda ya kafa kasuwanci a Tambutu wajen 1860, har 'yan'uwansa suka biyo shi. Akwai babi kan tsibirin Jarba na Tunisiya, inda har gobe ake ziyarar ɗakin ibadar Gariba duk shekara. Sai da na kai gida na ga gara ta cinye shafi tara daga tsakiyar babin. Duba littafi shafi-shafi kafin ka biya, don Baba ba ya karɓar abin da ya fita.

Kuɗi ba a rubuce suke ba, fuskarka yake dubawa. Ya sa mini biyun 7,000, muka daidaita a 5,000, kuma tsaba kawai yake karɓa. In an kira azahar yakan rufe, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Na bar masa sallahun duk abin da ya shigo a kan Yahudawan Habasha, ya rubuta da alli a jikin ƙyaure.