Katakon lambobi: wata biyar a hannun yarana

Ɗiyata tana da shekara uku da rabi ta iya ƙirga ɗaya zuwa ashirin da Turanci, ba gargada, kamar mai rera waƙa. Duk baƙon da ya shigo gidanmu a Anguwar Rogo da ke Jos sai an kira ta ta yi masa, ni kuwa ina gefe baki har kunne. Ranar da jikina ya yi sanyi ita ce ranar da na aike ta ta ɗauko mini dankalin Turawa guda huɗu a kwando. Ta kinkimo bakwai a gaban riga. Na ce to ƙirga mu gani. Ta shiga taɓa su, baki na gudu yatsa na baya, sai da ta kai sha biyu. Ashe hadda ce kawai, sunayen ta sani, abin da ke cikin sunan bai shiga ba.

Wannan ne ya sa na sayi katakon lambobi a wajen wata mai talla a WhatsApp. Daga Legas aka ɗoro shi a mota, Abban yara ya karɓo a tasha bayan kwana huɗu. Kuɗinsa da na mota sun kusa na mudun shinkafa biyar, abin da ya sa ya kalle ni ya kalli kwalin ya ce, "Itace fa kika saya." Ban tanka ba.

Guda goma ne, daga 1 zuwa 10, kowane an sassaƙa shi da siffar lambarsa, sama da ƙasa a shafe yadda za a iya ɗora wani kan wani. Hikimar tana cikin tsayinsu. Lamba 2 ta ninka 1 a tsayi, 5 ta ninka ta sau biyar, 10 ce doguwar cikinsu. Idan ka ɗora 2 a kan 3 ka jera su kusa da 5, kawunansu sai su zo daidai, ko kati ka aza a kai ba zai karkace ba. Na gwada duk haɗin da zan iya a daren farko, bayan yara sun yi barci, don na san halin kayan da ake yi a gurguje. Awon ya fita. Wannan shi ne babban abin da zan yaba musu, domin da a ce awon ya kuskure ko da kaurin farce ne, da sun zama kayan ado.

Makon farko babu lissafin da aka yi. Gini ta yi ta yi tana rushewa, ta mai da 8 jaririya ta goya ta da ɗankwalina. Na so in matsa mata, sai na haƙura. A mako na uku ne, muna zaune a tsakar gida ina gyaran wake, na ga ta tsayar da 4 tana neman abin da zai kamo ta. Ta ɗora 1 kan 2, ta ga da saura. Ta cire 2 ta sa 3. Ta tsuguna ta daidaita idonta da kawunansu, kamar magini yana duba layin bulo, sannan ta ce, "Umma, sun zama tsara." Kalmarta ke nan har yau. Ban taɓa ce mata "a tara" ko "a ɗebe" ba, tambayarta kawai nake yi wa zai hau kan wa su zama tsaran bakwai.

Wani amfanin da ban zata ba shi ne rabuwa da rikicin 6 da 9. A littafi kullum sai ta juya su. A nan kuwa 9 ta fi 6 tsayi a fili, ko ta kifa ta, tsayin zai tona.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro sunan kindagatin, wato makarantar yara 'yan ƙasa da firamare, a 1840, da 'yan katako yake koyar da ƙananan yara. Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Roma a 1907, tana da sanduna goma na ƙirga, ƙaramar santimita 10, babbar mita guda. Sunanta ne kuke gani a allunan makarantun kuɗi ko'ina a gari, ko da yake sau da yawa ka leƙa ajin ba ka ga ko sanda ɗaya ba, sai hadda da bulala. Hajiya, surukata, ko a jikinta da wannan tarihi. Cewa ta yi, "'Yar nan, mu da tsakuwa muka koya a wajen carafke, kuma ba wanda ya taɓa cutata a canji." Gaskiyarta. Har yanzu nakan haɗa da tsakuwa ko murafun kwalba, a jera biyar a gaban lamba 5. Abin da katakon ya ƙara shi ne ya haɗa siffar lamba da girmanta a abu guda da yaro zai riƙe a hannu.

Yanzu aibobinsa, kuma suna da yawa.

Kowace lamba guda ɗaya ce tak. Ke nan ba yadda za a yi yaro ya ga biyu da biyu sun zama huɗu, ko biyar da biyar sun zama goma, alhali su ne farkon abin da yaro ke kamawa saboda yatsun hannunsa. A hoton talla an nuna tuli guda, ba a ce saiti biyu aka haɗa ba. Da na yi wa mai kayan magana sai ta ce in ƙara sayen wani. Maimakon haka na ɗauki 1, 2 da 5 na nufi Kasuwar Katako wajen wani kafinta. Ya juya su a hannu, ya ɗora tef ɗinsa, ya ce, "Hajiya, siffar lambar za ta ci lokaci, amma in dai tsayin kike so, ki dawo jibi." Ya yanko mini 'yan ɗaya guda goma, 'yan biyu guda biyar, da 'yan biyar guda biyu daga ragowar katako, ya goge su da sanfefa sumul. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin saitin bai karɓa ba. Na rubuta lambobin da alƙalamin maka, gefe guda na boko, ɗaya gefen na Larabci, domin a Islamiyya ma tana shan ruɗani: biyar ɗin Larabci kamar sifirin boko take, shida kuma kamar bakwai.

Sai fenti. Ba a yi wata biyu ba jan fentin 7 ya fara ɓarewa, kuma ƙaninta mai shekara ɗaya da wata takwas komai baki yake kai wa. Kwalin ba ya ɗauke da sunan kamfani, ba shekarun da ya dace da su, ba bayanin irin fentin. Wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da wannan ba. Can dai daga dakan duwatsun zinariya ta fito, amma akwai fentin da ake sa wa dalma, kuma a 2007 an janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa a Amurka saboda haka. Na mayar da lambobin wajen kafintan ya kankare fentin duka. Sun rage kyau, hankalina ya kwanta. Da yau zan saya, marar fenti zan nema tun farko.

Lamba 1 kuma ƙarama ce ƙwarai. Ana cewa duk abin da ya wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu kada a bar shi a hannun yaron da bai kai shekara uku ba, don zai iya shaƙe shi. Ta wuce salin alin. Don haka ita da 'yan'uwanta na kafinta suna cikin gwangwani a saman firij, sai ƙaramin ya yi barci ake sauko da su. Shi kuma 10 ce tasa, ya mai da ita guduma, ƙafar yayarsa ta shaida.

Hunturun Jos ma bai bar su ba. A watan Janairu 9 ta tsage daga sama har ta sa wa yarinyar sartse a yatsa. Gam da sanfefa suka gyara. Kada a jiƙa su a ruwa da sunan wanki, tsumma mai ɗan danshi ya isa, a shanya a inuwa.

Ga mai ɗa ɗan shekara uku zuwa shida, ina ganin sun cancanci saye, da sharaɗin a tambayi guda nawa ne na kowace lamba, kuma a samu wanda zai zauna da yaron ko da minti goma ne. Ranar da ɗinki ya sha mini kai na bar ta da su ita kaɗai, gida take ginawa kawai. Wanda kuɗin ya yi wa nauyi ya yanka wa kafinta awo, santimita biyu ga kowace lamba, 10 ta zama santimita 20.

Jiya na sake aiken ta dankali, na ce shida. Ta kawo uku a hannun dama, ta koma ta kawo uku, ta zube su a faranti. Na ce takwas fa? Ta yi shiru, ta tambaye ni wace ce takwas da Turanci. A nan muka tsaya yanzu.