Sharhi kan hidimar tantance buƙatun horo a masana'antar casar shinkafa

Kamfanonin ba da shawara kan horas da ma'aikata suna sayar da wata hidima da suke kira tantance buƙatun horo. Ma'anarta a zo a auna abin da ma'aikaci ya iya, a gwada shi da abin da aikinsa ke nema, a fitar da giɓin da ke tsakani kafin a kashe ko kwabo a kan kwas. Sunan ɗaya ne, amma kayan iri biyu ne: akwai ta fom, akwai ta shiga cikin masana'anta. Ta biyun ce ta cancanci kuɗinta.

Ta fom ba ta da wuyar ganewa. A raba wa ma'aikata takarda mai tambayar "wane horo kake buƙata?", a tattara, a ƙirga, bayan kwana biyu a kawo rahoto. Abin da ke fitowa kuwa sananne ne: kwamfuta, shugabanci, da duk kwas ɗin da ake yi a Abuja saboda alawus. Wannan jerin sha'awa ne. Sai ka ga kuma kwasa-kwasan da rahoton ya ba da shawara su ne dai waɗanda kamfanin da ya yi binciken yake koyarwa.

Ta biyun tana bin matakai uku da masana harkar suka daɗe da tsarawa: a duba masana'antar gaba ɗaya, a duba aikin, sannan a duba mutumin. A injin casar shinkafa, matakin farko shi ne littattafan ajiya: buhu nawa na shanshera ya shiga, nawa ya fito tsaba, nawa ne karyayye, sau nawa inji ya tsaya, kuma a hannun wa. Wata uku zuwa shida na waɗannan alƙaluma sun isa su nuna inda ɗakin ke yoyo. Mai binciken da bai nemi ganin littafi ba, a sallame shi tun da wuri.

Ƙarfin hidimar yana mataki na biyu. A ce kukan manaja shi ne shinkafa tana yawan karyewa, kuma ya riga ya yanke hukunci cewa yaran ne ba su iya aiki ba. Mai bincike nagari zai tsaya a gefen inji, da rana da kuma dare, ya bi shinkafar daga jiƙo zuwa turarawa, zuwa busarwa, zuwa ɓarewa. Shanshera tana son danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin 100 kafin casa. Idan aka busar da ita da gaggawa, ko ta bushe ƙayau, ƙwayar tana tsagewa tun tana cikin ɓuntu, inji na taɓa ta sai ta karye. To, shin mai busarwar bai san wannan ba ne, ko na'urar auna danshi ce ta lalace yana gwadawa da haƙori? Haka robobi biyun da ke ɓare ɓuntu: ɗaya ta fi ɗaya gudu, don haka ta fi saurin cinyewa, ana musanya musu wuri lokaci-lokaci, a gyara tazarar da ke tsakaninsu. Idan mai injin bai san da haka ba, horo ne maganinsa. Idan ya sani amma sito babu sabuwar roba, ko malamin duniya aka kawo masa karayar ba za ta ragu ba.

Tambayar da ke raba gardama ita ce: da za a ce sai ma'aikaci ya yi aikin daidai za a biya shi albashi, zai iya? In zai iya, matsalar ba ta ilimi ba ce. Ta kayan aiki ce, ko wutar lantarki, ko gaggawar cika mota. Rahoton kirki yana da shafi na musamman na abubuwan da horo ba zai gyara ba, kuma sau da yawa shafin nan ya fi sauran amfani, ko da yake shi ne masu gida ba su son karantawa.

Raunin hidimar a wajen rubuta sakamakon da ake sa ran samu yake. Ko masu binciken kirki sukan ƙare da jimla irin "ma'aikata za su fahimci muhimmancin busarwa". Fahimta ba ta aunuwa. Manufar horo tana buƙatar abu uku: aikin da za a gani da ido, yanayin da za a yi shi, da ma'aunin karɓa. Misali: "Bayan horo, mai busarwa zai ɗebi samfuri daga wurare uku, ya auna da na'ura, ya tsayar da busarwa tsakanin kashi 13 da 14, ya rubuta a littafi, ba tare da an tuna masa ba." Mai kula da sashe zai iya tsayawa ya ce an yi ko ba a yi ba.

Sai batun bibiya. Tsarin wani masanin harkar horo mai suna Kirkpatrick, wanda ya fito a 1959, ya kasa auna horo gida huɗu: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koya, ko sun canza yadda suke aiki, ko masana'anta ta ga bambanci. Galibin kwangiloli a gida na farko suke tsayawa, a cike fom ranar rufewa, a raba satifiket, a ɗauki hoto. A sa a cikin yarjejeniya cewa masu binciken za su dawo bayan kamar wata uku su sake auna karayar da ma'aunin da aka yi amfani da shi da farko, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin sai ranar.

Masana'antar da ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatanta na shekara ga hukumar ITF (asusun gwamnati na horas da ma'aikatan masana'antu), wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, tana iya neman a mayar mata har rabin abin da ta biya idan ta cika sharuɗɗan horas da ma'aikatanta. Kafin a sa hannu da kowane kamfani, a leƙa ofishin hukumar na yanki a ji takardun da take nema, a kuma ajiye rahoton tantancewar, da jerin mahalarta, da rasit a fayil guda.