Jagorantar wasan ƙungiya ko kawo naka labarin: wanne ya dace da sabon ɗan sa-kai?

Ɗan'uwa, ka ce masu shirya taron wasanni suna neman 'yan sa-kai da za su jagoranci wasan labari na kan tebur, wato wasan da jagora ke ba da labari, kowane ɗan wasa yana riƙe da jaruminsa, ana jefa dayis don sanin abin da zai faru, kuma fom ɗin ya ba ka zaɓi biyu: ko ka shiga ƙarƙashin ƙungiya irin Adventurers League ko Pathfinder Society su ba ka labarinsu ka gudanar, ko ka yi rajistar wasanka na kanka. Ka kuma ce shekararka biyu kana jagorantar abokanka a gida, amma ba ka taɓa zama gaban baƙi ba. Na yi duka biyun, ina kuma da wanda zan zaɓa maka, amma bari in jera maka su tukuna ka gani.

Abin da zai fara ba ka mamaki, ko wanne ka ɗauka, shi ne agogo. A gida in dare ya yi sai a ce a ƙarasa mako mai zuwa. A taro babu mako mai zuwa. Zango ake ba ka, galibi awa 4, wani lokaci awa 2, kuma da ya cika za ka ga wani jagoran tsaye da jakarsa yana jiran teburin. Awa 4 ɗin ma ba duka ne naka ba. Cire lokacin da mutane za su ɓata wajen neman lambar tebur, da na gaisawa da bayanin dokoki, da hutun minti 10 a tsakiya, da na kwashe kaya. Abin da zai rage maka bai fi awa 3 da 'yan mintoci ba. Da wannan ma'aunin nake auna hanyoyin biyu.

Wasan ƙungiya tsohon tsari ne. Tun 1980 kamfanin TSR, wanda ya fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ya kafa ƙungiyar RPGA don haɗa 'yan wasa a taruka. Kamfanin Paizo ya ƙaddamar da Pathfinder Society a 2008, kamfanin Wizards of the Coast kuma ya fito da Adventurers League a 2014 tare da bugu na biyar na D&D. Manufarsu ɗaya ce: ɗan wasa ya gina jaruminsa, ya buga shi a teburin wani yau, gobe ya ɗauke shi zuwa wani gari ya ci gaba daga inda ya tsaya. Don hakan ta yiwu, dole kowane jagora ya bi doka iri ɗaya. Ba ka da ikon ba wa yaro takobin tsafi don ya burge ka, domin takobin zai bi shi zuwa teburin wani ya ɓata masa lissafi. Labarin ma a rubuce yake zuwa, da taswirorinsa, da ƙarfin kowane dodo, da ladan da za a raba a ƙarshe. A Adventurers League an kasa jarumai rukuni huɗu gwargwadon matakin ƙarfinsu, mataki na 1 zuwa 4, na 5 zuwa 10, na 11 zuwa 16, da na 17 zuwa 20, kuma tebur yana ɗaukar mutum 3 zuwa 7. A Pathfinder Society kowane ɗan wasa yana karɓar takardar shaida bayan wasa, sannan a kai rahoton teburin da lambar rajistar kowa.

Naka wasan kuwa, kai ne wuƙa kai ne nama. Kai za ka zaɓi tsarin, ko D&D ne, ko Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium da ake bugawa tun 1981, ko wani ƙaramin wasa da dokokinsa ba su wuce shafi goma ba. Kai za ka rubuta 'yan layukan tallan da za su fito a jadawalin taro, ka faɗi yawan kujeru, da shekarun da suka dace, da ko ana maraba da wanda bai taɓa yi ba. A manyan taruka watanni kafin ranar ake rufe karɓar wannan, saboda haka duba ranar rufewa tun kafin ka gama shawara.

Wajen shiri mutane ke yin kuskuren farko. Suna ɗauka rubutaccen labari hutu ne. Ba hutu ba ne, aikin ne ya canza kama. Abin da wani ya rubuta sai ka karanta shi aƙalla sau biyu, na farko don ka san inda aka dosa, na biyu da biro a hannu kana yi wa wuraren da za ka iya yankewa alama idan lokaci ya ƙure. Kuma akwai 'yan wasan da suka fi ka sanin doka nesa ba kusa ba. Wani ya shekara yana gina jarumi ɗaya, ya san kowace dabara tasa. In ka yi kuskure zai gyara maka, yawanci cikin ladabi. Karɓi gyaran ka wuce, kada ka tsaya buɗe littafi mutum biyar suna kallonka. A naka labarin ba ka da wannan fargabar, tunda daga kanka ya fito, amma akwai nauyin da babu mai ɗauke maka: jarumai. Baƙi ba za su zo da nasu ba, kuma ba ka da awa guda da za a zauna ana ginawa. Dole ka shirya su tun daga gida, shida ko bakwai ko da kujera biyar ka tallata, don na ƙarshe da ya zo shi ma ya samu zaɓi. Kowace takarda ta zama shafi ɗaya, da layi biyu a sama masu cewa wane ne wannan jarumin, me yake nema, kuma me ya haɗa shi da na kusa da shi. Waɗannan layukan biyu sun fi duk lambobin da ke ƙasansu amfani, domin su ne ke sa mutanen da ba su san juna ba su fara magana a minti goma na farko. Kuma ka gwada labarin da abokanka da agogo a gabanka. Abin da kake zaton awa 3 ne, sau da yawa awa 5 ne.

Sai maganar kujeru, wadda ita ce ta fi taɓa zuciya. A wasan ƙungiya akwai teburin masu kula a bakin zaure. Kafin kowane zango suna tara masu tikiti, su duba matakin jarumin kowa, su raba su: ku shida ku bi wancan mai riƙe da lamba 12. In teburinka bai cika ba sai a haɗe shi da wani, ko a kawo maka masu jiran gurbi. Kai dai ka iso da wuri ka shimfiɗa taswira. A naka wasan babu mai yi maka wannan. Na taɓa shirya labari na tsawon makonni, mutum biyar suka yi rajista, ranar wasa biyu suka zo, wani dattijo da 'yarsa. Na jera takardun jarumai shida a tebur, muna zaune muna kallon ƙofa har minti 20 suka wuce. Daga baya na tattara uku na mayar jaka, na rage yawan abokan gaba, na ba yarinyar jarumi na biyu ta riƙe. Da ta jefa dayis mai fuska 20 ya faɗi a kan 20 a daidai lokacin da take ƙoƙarin ceto jarumin mahaifinta, sai da teburin da ke gefenmu ya juyo don ihun da ta yi. Har yau ina tuna wasan nan da daɗi, amma minti 20 ɗin farko sun yi min nauyi ƙwarai, kuma da a ce ranar ce fitata ta farko, ban tabbata zan sake dawowa ba. Idan naka za ka kawo, rubuta shi yadda zai tafi da mutum biyu, ya kuma tafi da shida.

Ta fuskar lada ba su da nisa da juna. Taruka da yawa suna ba jagora katin shiga kyauta ko su mayar masa da kuɗinsa idan ya cika wani adadi, wasu da yawan zango suke ƙirgawa, wasu da awannin 'yan wasa, wato mutum 6 a awa 4 ya zama 24. Ƙungiyoyi kan ƙara da riga, ko littafi, ko lada ga jarumin da kai ma kake bugawa. Sai dai kada katin kyauta ya ja ka ka ɗauki zango bakwai a kwana uku. Zaure mai tebur hamsin, kowa yana magana lokaci ɗaya, yana cinye murya. Wanda ya yi zango uku a ranar farko, da safiyar ta biyu raɗa yake yi. Kuma duk zangon da ka sa hannu a kai alkawari ne, akwai waɗanda suka biya kuɗi suka tsara yininsu a kansa.

Akwai wurin da nake ganin ƙungiya ta yi wa wasan kai-da-kai fintinƙau, wato ranar da aka samu matsala. Za ka haɗu da mai danne kowa da magana, ko mai kawo zancen da ke sa wasu sunkuyar da kai. A ƙarƙashin ƙungiya akwai rubutacciyar dokar ɗa'a da kuma mutumin da za ka ɗaga wa hannu. A Pathfinder Society ma akwai 'yan sa-kai masu muƙami irin Venture-Captain da ke kula da yanki. Kai kaɗai kuwa, sai ka san tun kafin a fara inda ma'aikatan taron suke zama. Ko a ina kake, ajiye katin X a tsakiyar tebur, wato ɗan kati da aka zana wa alamar X, wanda John Stavropoulos ya fito da tsarinsa: duk wanda wani abu a labarin ya dama sai ya taɓa katin, a sauya zance ba tare da an tambaye shi dalili ba. Bayaninsa bai kai minti ɗaya ba. Da abokanka ka san abin da kowa ba ya so. Baƙon da ke gabanka ba ka san abin da ya baro a gida ba.

Inda naka wasan ya yi zarra shi ne 'yanci. In 'yan wasa suka bar hanyar da ka shimfiɗa suka bi wata da ta fi ta daɗi, sai ka bi su. Kana iya kashe babban mugu tun a tsakiya, kana iya ƙona garin gaba ɗaya, tunda babu gobe da za a yi wa tanadi. A rubutaccen labarin ƙungiya kana da damar sassautawa ko tsanantawa, amma ƙarshensa yana nan inda aka ajiye shi. Kuma ta teburin irin naka ne ƙananan wasanni ke samun masoya. Babban taron wasanni na Amurka mai suna Gen Con, da Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Dungeons & Dragons, ya fara a Lake Geneva ta jihar Wisconsin a 1968 da mutum kimanin 100, ya koma Indiyanapolis a 2003, ya kuma haura mutum dubu 70 a 2023. Har yanzu wani babban kaso na abin da ake bugawa a can mutane ne irinka suka ɗauko daga gida suka kawo. Haka abin yake a tarukan Origins na Columbus a Amurka da UK Games Expo na Birmingham a Ingila.

In taronku yana da sashen Games on Demand, duba shi, don yana tsakanin biyun. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da shi: kai ka zo da wasanni biyu ko fiye da ka iya, su kuma su tara mutane a layi su zaɓa. Wasan naka ne, tara jama'a nasu ne.

To, ga zaɓina. Tunda wannan ce fitarka ta farko, ɗauki zango biyu a ƙarƙashin ƙungiya, labari ɗaya ka maimaita shi sau biyu, kuma ka nemi na rukunin farko inda sababbi suka fi yawa. A karo na farko za ka koyi inda lokaci ke zurarewa, a na biyu za ka ji hannunka ya faɗa. Dalilina shi ne abin da ka rasa ba iya ba da labari ba ne, shekara biyu ta ba ka wannan. Abin da ka rasa shi ne sanin agogo, da hayaniyar zaure, da karanta fuskar baƙo, kuma gara ka koye su alhali wani yana riƙe maka tikiti da kujeru. In zuciyarka ta nace sai ka kawo naka, ƙara zango ɗaya tak na awa 2, ka sa shi a rana ta biyu da rana, bayan ka riga ka ga yadda wurin yake. Zo da fensira shida, da dayis na aro ga wanda bai zo da nasa ba, da katunan da za a naɗe a rubuta sunan kowane jarumi a gabansa, da gorar ruwa. Agogon kuma ka ajiye shi a gefen takardunka inda kai kaɗai kake ganinsa, ka rubuta a jikin labarin ƙarfe nawa ya kamata a shiga fage na ƙarshe, ka bar masa aƙalla minti 45.