Garejin da ya gyara mini Bonneville, ya kuma zubar masa da daraja

Na kai babur ɗina, Triumph Bonneville T120R ƙirar 1970, wani gareji da ke tsakanin Birmingham da Coventry saboda buƙatu biyu: a saita mini inji, sannan a rubuta mini takardar ƙiyasin darajarsa, wadda kamfanin inshora ya nema kafin mu daidaita a kan abin da za a biya ni idan aka sace shi ko ya ƙone. Masu tsofaffin baburan Ingila a wannan yanki sun san irin waɗannan wurare, sun kuma san abin da suke karɓa a kan kowace awa ta aiki, don haka ba sai na tsaya lissafin kuɗi ba. Na biya abin da aka yanka mini ba tare da ciniki ba, kuma da aikin inji kaɗai za a tambaye ni, da na ce kuɗina sun halatta gare su.

Wannan ba sabon Bonneville ba ne irin wanda kamfanin Triumph na garin Hinckley yake ƙerawa yanzu. Na tsohuwar masana'antar Meriden ne, wadda aka rufe a 1983, mai silinda biyu da cc 649 da kafireta biyu, giya a ƙafar dama, birkin baya a ƙafar hagu. An fitar da shi zuwa Amurka yana sabo kamar yadda aka yi wa yawancin 'yan'uwansa, daga baya aka dawo da shi gida. Matsalarsa lokacin da na kai shi ita ce ba ya tsayawa a sulo. Idan na tsaya a danja sai silindar hagu ta ɗauke, fulogin wannan ɓangare kullum baƙi ƙirin, kuma da sanyin safiya sai na buga kik har gwiwa ta amsa kafin ya tashi.

Bakaniken da ya karɓi aikin dattijo ne, kuma hannunsa ya san wannan inji. Bai taɓa kafireta ba sai da ya fara auna tazarar bawul a kan sanyi, kashi 2 cikin dubu na inci a na shiga, kashi 4 a na fita, kamar yadda littafin masana'anta ya tanada. Daga nan ya duba taimin da fitilar aunawa, ya tarar da silinda ɗaya tana riga 'yar'uwarta kama wuta, ya mayar da su duka digiri 38. Ya kuma gano wata waya da wani ya taɓa haɗawa ba daidai ba, da alama saboda bai san cewa wayarin kamfanin Lucas na wancan zamani gefen fositif ne yake zuwa jikin babur ba. Ya bayyana mini duk wannan cikin haƙuri, ya kuma gargaɗe ni a kan fetur ɗin E10, mai ɗauke da itanol har kashi 10 cikin ɗari, da ya zama na gama-gari a gidajen man Birtaniya tun watan Satumba na 2021, ya ce in riƙa shan E5 mai ƙarancin itanol ko da ya fi tsada, domin sinadarin itanol yana cin tsofaffin robobi da tiyo, yana kuma jan ruwa idan babur ya daɗe a ajiye.

Ranar da na karɓo shi, bugu ɗaya ya tashi. Na bi hanyar A423 zuwa Southam, kuma tun da na mallaki wannan babur ban taɓa jin sa haka ba. Yana amsa totur nan take, salansa biyun suna fitar da murya ɗaya, girgizar da aka san irin wannan inji da ita tana nan amma ta daina kashe mini yatsu. Na fahimci dalilin da ya sa mutane suke fifita ƙirar 1969 da 1970 a kan wadda ta biyo baya a 1971, lokacin da aka mayar da baƙin mai cikin firam, aka ɗaga kujera har gajeru suka riƙa ƙorafi. A wannan yammaci na kira wani abokina na ce masa ya kai nasa babur ɗin BSA wurin nan ba tare da wani tunani ba.

Sai da takardar ƙiyasi ta iso ta gidan waya na san abin da aka yi mini. A ƙarƙashin sashen da ya lissafa abubuwan da suka rage wa babur daraja, an rubuta cewa kafiretocinsa biyu ba na asali ba ne, sababbi ne na zamani. Na fita na leƙa ƙarƙashin tanki, na ga lallai sababbi ne fil, suna ƙyalli. A takardar biyan kuɗi an sa su a layi ɗaya da gaskit da fulogi a ƙarƙashin kayan gyara, ba tare da an fayyace ba, kuma babu wanda ya kira ni kafin a cire nawa. Ke nan garejin da ya cire kayan asali da hannunsa, shi ne kuma ya zauna ya rubuta wa kamfanin inshora cewa babur ɗin ya ragu saboda ba shi da kayan asali, kuma ni na biya kuɗin cirewar, na biya kuɗin rubutun.

Kafiretocin da aka cire Amal Concentric ne masu lamba 930, ɗaya da alamar R, ɗaya da alamar L, irin waɗanda Triumph ya fara ɗora wa Bonneville daga ƙirar 1968. Ban musa cewa sun ci ba. Kowa ya san laifinsu: jikin da abin da ke hawa da sauka a cikinsa duk daga ƙarfe mai laushi iri ɗaya aka zuba su, don haka suna cinye juna har iska ta riƙa shiga ta gefe, sulo ya ƙi zama, kuma wanda ya ɗaure notin bakinsu da ƙarfi yana iya lanƙwasa jikin gaba ɗaya. Amma akwai masu sana'ar da suke huda jikin su sa masa sabon hannun ƙarfe, ya koma aiki da lambarsa ta asali a jikinsa. Wannan zaɓi ne da ya kamata a gabatar mini, in ce na yarda ko ban yarda ba. Ko da na zaɓi sababbin, waɗanda ba ni da abin cewa a kan ingancinsu, ai sai a zuba mini tsofaffin a kwali in tafi da su, domin duk mai sayen irin wannan babur yakan tambayi ko kayan asali suna nan a ajiye.

Na koma na nemi a ba ni kayana. Mai garejin, ba dattijon da ya yi aikin ba, ya ce an riga an zuba su cikin tarkacen ƙarfe kuma motar kwasa ta zo ta tafi. Na tambaye shi yadda wurin da ya rubuta a allonsa cewa ya ƙware a tsofaffin babura zai jefar da kafiretar da ta haura shekara 50 a jikin babur ɗinta, sai ya ce babu mai neman tsohuwar kafireta da ta ci. Na ce masa takardarsa ce ta fara nema. Bai ba ni amsa a kan wannan ba, ya dai yi tayin rage mini wani abu a aiki na gaba, kamar wanda ya yanka maka akuya ya ce zai ba ka igiyar kyauta. Na nemi aƙalla ya gyara takardar, ya ce abin da ke jikin babur shi yake rubutawa, kuma ba zai sa hannu a kan abin da ba haka ba. Gaskiyarsa ce a nan, amma gaskiyar ta zo masa a makare.

Da raina ya ɓaci sai na fara ganin sauran abubuwan da farin cikin ranar farko ya rufe mini ido a kansu. Notin da ke riƙe da madogarar salansar dama an musanya shi da na awon mita, alhali babur ɗin na zaren inci ne, yanzu sai na riƙa ɗaukar sifana ta dabam saboda noti ɗaya. An yi mini alkawarin ranar gamawa aka ɗaga ba tare da sanarwa ba, sai da na kira da kaina. Ɗigon baƙin mai daga bututun sandar bawul yana nan yadda yake, duk da cewa na ambata shi lokacin da na kai babur ɗin. Wannan na ƙarshe ban tsananta a kansa ba, domin wanda ba ya son ganin ɗigon mai a ƙasan garejinsa bai kamata ya sayi babur ɗin Meriden ba tun farko.

Takardar kanta ba ta rasa amfani ba. Ta tabbatar da cewa lambar inji da ta firam iri ɗaya ce, wanda shi ne babban abin da ke riƙe da farashin irin wannan babur, ta kuma nuna cewa harafin D da ke cikin lambar ya dace da ƙirar 1970, sannan ƙananan tamburan Triumph da masana'anta ta fara bugawa a ƙarƙashin lambar inji tun 1969, don hana masu goge lamba su sake bugawa, suna nan ba a taɓa su ba. Fentin tanki an ce sabo ne amma launin ya yi daidai. Sai dai adadin da aka rubuta a ƙarshe ya gaza abin da nake gani ana sayar da makamantansa a gwanjon da kamfanin Bonhams yake yi a garin Stafford, kuma kamfanin inshora a kan wannan adadi ya tsaya. Na rubuta wa ƙungiyar masu Triumph ina neman takardar shaidar shekarar ƙira, kuma zan nemi wani mai ƙiyasi na dabam wanda ba ya sayar da kayan gyara.

Na sake kiran abokin nan mai BSA na janye rabin maganata. Na ce masa idan taimin ne ko wayarin, ya kai, ya kuma nemi dattijon da kansa, amma ya sa a rubuta a takardar karɓar aiki cewa ba za a canza komai ba sai an kira shi, kuma duk abin da aka cire nasa ne. Ƙiyasi kuwa kada ya bari su yi masa. Ni dai a baje kolin tsofaffin babura na Stafford mai zuwa zan bi teburan masu tsofaffin kaya in nemi kafiretocin R930 da L930 na ƙirar 1970, kuma na san ko na samu, sai na sake biyan kuɗin gyara su kafin su hau babur.