Manhajar kamfanin fanshona: ba laifi, amma akwai gyara

Gaskiya ranar da na fara ganin an cire kashi 8 daga albashina sai da raina ya sosu, ga kuɗin haya ga na mota ga gida ana jiran ka turo, wai kuma ka yi ajiyar tsufa tun yanzu. To dokar fansho ta 2014 ce, kai 8 wurin aikinka su ƙara 10, kuma wannan 10 ɗin ne ya sa na daina ƙorafi.

Manhajar tana da sauƙi, kana buɗewa ka ga balans da watan da kuɗi suka shiga. Abin da ya fi burge ni sun mayar da ni Fund VI, asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa, fom ɗaya kawai na cike. Matsalarsu kiran waya, wallahi sai katinka ya kusa ƙarewa ba wanda ya ɗauka, sannan sun dame ni da tallar ƙarin ajiya ta ganin dama, mutumin da albashinsa ba ya kai 20 ga wata!

In ba su gyara ba zan sauya kamfani, tunda PenCom, hukumar da ke kula da fansho a Najeriya, ta ba da dama sau ɗaya a shekara.