Na gwada manhajar gano kii da tempo a kan kiɗan okestira, ga abin da na gani

Jama'a wannan sharhi ne a kan manhajar da DJ-DJ ke amfani da ita, wadda za ka zuba mata waƙoƙi ta faɗa maka kii ɗin kowacce, wato sautin da aka gina waƙar a kansa wanda ake kira da harafi kamar C ko D, da tempo ɗinta, wato yawan bugunta a minti ko BPM, har ta ƙara da yanayinta. Ni kiɗan gargajiyar Turai na okestira na zuba mata, su Beethoven da Mozart da Vivaldi, don ina son in riƙa haɗa su a jere ɗaya na shiga cikin ɗaya ba tare da kunne ya ji karo ba.

Ga wanda bai saba ba, lambobin da take bayarwa na tsarin Camelot ne, zagaye ne kamar fuskar agogo daga 1 zuwa 12, kowace lamba da harafin A ko B a jikinta, A na nufin maino B kuma mejo, wato nau'i biyu na kii. In kana kan 8A za ka iya zuwa 7A ko 9A ko 8B lafiya lau. Wannan ɓangaren gaskiya ya burge ni, domin mawallafan nan tun asali suna rubuta kii a jikin sunan aikin, sai ya zama kana da abin da za ka gwada manhajar da shi. Canon ɗin Pachelbel D mejo ne, ta ba ni 10B, daidai. Simfoni, wato dogon kiɗan okestira mai kashi-kashi, na 40 na Mozart wanda ya rubuta a 1788 G maino ne, kashin farko ta ba ni 6A, shi ma daidai. Har na fara murna.

To amma fa kiɗan okestira ba ya zama wuri ɗaya, nan ne gizo ke saƙar. Waƙar rawa ta zamani yawanci inda ta fara nan take ƙarewa, shi ya sa lamba ɗaya ta ishe ta. Simfoni na 5 na Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a birnin Biyana na Ostiriya a 1808, da C maino yake farawa wato 5A amma kashin ƙarshe C mejo ne wato 8B, kuma ko a cikin kashi ɗaya ma yana ta yawo daga wannan kii zuwa wancan kafin ya dawo gida. In ka zuba mata shi dunƙule guda za ta ba ka lamba ɗaya tak, kai kuma abin da kake buƙata shi ne ina wannan ya ƙare ina na gaba ya fara, tsakiyar ba ruwanka da ita sosai. Da na fara yanka kowane aiki ina ware minti ɗaya na farko da minti ɗaya na ƙarshe ina ba ta daban-daban, wallahi sai sakamakon ya gyaru ƙwarai. Aiki ne mai cin lokaci amma ban ga wata hanya ba.

Akwai kuma abin da ba kowa ke lura da shi ba, maganar saitin kayan kiɗa. Ma'aunin da aka saba shi ne sautin A (ba A na Camelot ba) ya zama girgiza 440 a daƙiƙa, okestira da yawa a Turai suna ɗaga shi zuwa 442 ko 443, wannan ba ya ruɗa manhajar sosai amma in ka ɗora biyu a kan juna kunne mai kyau zai ji ɗan tsami. Babbar matsalar ita ce masu kaɗa tsofaffin ayyuka da kayan kiɗa irin na da, su a 415 suke saitawa, kusan rabin mataki ƙasa kenan. Kashin bazara na Vivaldi, wato Spring, E mejo ne a rubuce, 12B, amma rikodin ɗin masu 415 sai ta karanta min shi 5B. Kuma a nan ita ce da gaskiya, don abin da ke fita a sifika ta ji, lambarta za ka bi ka bar abin da aka rubuta a bayan faifai.

Maganar tempo kuwa kada ma ka wahalar da kanka. Babu ganga mai riƙe bugu a mafi yawan ayyukan nan, jagoran makaɗa ne ke ja ya saki yadda ya ji, wani wurin ya rage gudu wani wurin ya tsaya cak a riƙe sauti ɗaya, manhajar kuma tana neman bugun da ba ya canzawa sai ta riƙa ba ka ninki biyu ko rabi ko kawai wata lamba da ba ta da tushe. Kiɗan Grieg na fadar sarkin dutse a hankali yake farawa ya yi ta ƙara gudu har ƙarshe, wace lamba ɗaya ce za ta wakilci wannan? Inda ta yi ƙoƙari shi ne Bolero na Ravel na 1928, saboda ƙaramar ganga na nan tana maimaita bugu ɗaya kusan minti 15, shi ma can dab da ƙarshe yana tsallakawa daga C mejo zuwa E mejo na ɗan lokaci, manhajar ba ta nuna ba.

Yanayi shi ne ya fi ba ni haushi. Duk abin da ta ga maino ne kuma a hankali sai ta ce baƙin ciki, duk mejo farin ciki. Kashi na biyu na simfoni na 7 na Beethoven A maino ne, 8A, tafiya ce mai nauyi da natsuwa wadda take hawa a hankali har ta cika maka ƙirji, kalma ɗaya ba ta ɗaukarsa. Kuma shi Bolero da raɗa-raɗa yake farawa ya ƙare da ƙara kamar rufi zai faɗo, ita kuma maki ɗaya ta ba shi na ƙarfi.

Shawarata ga mai son haɗa irin wannan kiɗan, ya sayi manhajar don kii kawai, ya yanka ayyukan kafin ya zuba, ya duba a wane saiti aka yi rikodin ɗin. Wurin shiga kuma ka nemi inda bayolin ke jan dogon sauti ko inda aka yi shiru ka shigo da na gaba a hankali, kada ka ce sai ka daidaita bugu da bugu. Ni zan ci gaba da amfani da ita, a maki biyar na ba ta uku.