Wata huɗu da motar da ke riƙe sitiyari da kanta a Abuja

Da zan sayi motar nan 'yar Kwatano, dillalin ya ce mini tuƙa kanta take yi. Ya zuzuta. Abin da ke jikinta kyamara ce a bayan madubin tsakiya, sai rada a hancinta. Kyamarar na bin fararen layukan titi tana daidaita sitiyari, radar kuma na auna tazarar motar da ke gaba, ta taka birki ko ta ƙara wuta. A ma'aunin injiniyoyi na yadda mota ke tuƙa kanta, mai mataki 0 zuwa 5, wannan mataki na 2 ne. Ido dole ya tsaya a hanya, kuma da ka saki sitiyari na 'yan daƙiƙu za ta fara yi maka ƙara.

A titin filin jirgi, daga Lugbe zuwa ƙofar gari, ta burge ni. Ƙafa na hutawa. Wata la'asar wani mai tasi ya ci birki a gabana don ɗaukar fasinja, wallahi ta riga ni tsayawa, ga yara biyu a baya. Don wannan kaɗai ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Amma da safe a cunkoson Nyanya zuwa AYA kashe ta nake yi. Takan bar fili tsakanina da na gaba, mu kuwa a nan fili ba ya zama. Bas ta cusa kai, ɗan acaba ya bi ta gefe, ita kuma ta yi ta cin birki, na baya na danna mini hon. Tuƙin wannan hanya da ido ake yinsa, da ɗaga hannu da ƙyafta fitila. Ba ta jin wannan yaren. Inda layi ya goge, ko ƙurar hunturu ta rufe gilashi, sai ta sakar mini komai.

A Amurka motocin Waymo na ɗaukar jama'a babu direba a birnin Phoenix tun 2020, daga baya San Francisco ta biyo. Sai da aka zana taswirar kowane titi dalla-dalla kafin a sake su, kuma na'urorin da ke kansu sun ninka na motata. Ina fatan mu kai can, amma a fara shafa wa titunanmu fenti.

Mai niyyar saye ya sani: in gilashin gaba ya fashe aka canza, sai an sake saita kyamarar da kwamfuta, kuma ba kowane bakanike ke da kayan aikin ba.